Kofur Ba Ta Tsawa

Zuru, farkon damina

Zuwa ga Maman Rachael,

Bayan gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya gajiyar hanya? Yaya Minna da zafinta? Yaya mai jego, yaya maigidanta da aikin bariki? Amaryata Praise, jikarmu, kuma ki shafa mini kanta, ki gaya mata angonta tsoho ne amma yana da mota.

Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. To, Theresa, kunnenki da waya ba sa shiri. In na kira sai Rachael ta buɗe murya duk bariki ya ji, ta maimaita miki rabin abin da na faɗa, rabin ta riƙe wa kanta. Gara in ba direban motar Minna takarda, ki sa tabarau ki karanta ni a natse, ba mai shiga tsakaninmu.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka, akuyarki mai baƙin kunne ta haihu, ni kuma ina cin tuwon da na tuƙa da hannuna, ina tuna alherinki a kowace loma.

Labari yana wurin aiki. Alhaji Nasiruddeen ya ja gefe, ya bar wa 'yarsa Khairunnisa shagon taki da siminti da motocin duka. I, ita dai wadda take hawa bayan motata tana lasar alawa. Ta gama karatu ta dawo da sabon tsari. Ta tara mu direbobi a bakin sito, ta ba kowa waya, aka maƙala a jikin gilashi kusa da sitiyari. A cikin wayar akwai taswira. Mai sayen kaya zai turo mata inda yake, abin da suke kira lokeshan, ita kuma ta turo maka, sai wata murya ta mace ta riƙa gaya maka inda za ka bi har ƙofar mutum. Wai daga tauraron ɗan'adam take ganinka, ko a inda babu sabis, tunda an riga an zuba mata taswirar ƙasarmu a ciki.

Kin san mijinki. Na miƙe na yi jawabi. Na ce na tuƙa motar soja tun kafin ubanta ya yi aure, hanyar Ribah kuwa babu ramin da ban sani ba, wasu ma a gabana aka haife su. Direbobi suka yi dariya, abokina Lawwali har da tafi. Yarinyar ta bari na gama, ta rusuna ta ce ta ji, Baba, amma duk wanda ba zai yi aiki da wayar ba sai ya ajiye makulli. Sai na nemi wuri na zauna. In aka karɓe makullin nan, ban san abin da zan riƙe da safe ba.

Muryar da Turanci take magana, lef da rai irin na filin fareti, shi ya sa na sa mata suna Kofur. Sai dai ban taɓa gamuwa da kofur irinta ba. In ka saɓa umarni ka wuce kwana, ba ta tsawa, ba ta ambaton uwarka. Sai ta yi shiru kaɗan, ta nemo maka wata hanya, kamar ba abin da ya faru.

Yanzu zan faɗa miki abin da ba zan faɗa a tasha ba. Abar tana da amfani. Da can mu da baki muke tuƙi. Ka tsaya wurin mai shayi ka tambaya, ya tura ka wurin mai faci, mai faci ya ce ka bi ta gindin tsamiya. Yanzu ƙauyuka da yawa an watse saboda mutanen daji, sai ka shiga gari ka yi ta danna hon, ko kaza ba za ta amsa ba. Waɗanda suka gudu kuma sun kafa sababbin unguwanni a inda da can fako ne. Makon jiya na kai wa wata ƙungiyar manoma taki a bayan Dirin Daji, wurin da ko suna bai gama samu ba. Da a ce da ne, da na ƙona mai na ƙona yini. Kofur ta kai ni har gaban rumfar da suke zaune suna jira, aka sauke, na dawo tun rana ba ta yi sanyi ba. Kada wannan magana ta kai kunnen Lawwali.

Af, kafin in manta. Me ya kai takalmina na coci cikin garwar dawa? Na neme shi har na makara sujada. Ki daina ɓoye mini kaya in za ki yi tafiya.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Mijinki,
Philemon


Zuru, dawa ta kai gwiwa

Maman Rachael,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na gode Allah da jin jikin Rachael ya yi ƙarfi. Maganar takalmi kuwa na ji, kin ce ba ke ba ce. Na yarda. A gaskiya tun kafin amsarki ta zo na yarda.

Akwai abin da nake ta kewayawa kamar mai neman wurin ajiye mota ranar kasuwa. Bari in tsaya in faɗa.

Ran nan na taso daga Ribah ba kaya, rana tana sama, ba gajiya ba yunwa. Wayar tana kashe, don komawa gida ce, wa ke buƙatar jagora. Ana nan ana nan sai na iso mararrabar shigowa gari, inda muke tsayawa sayen rake. Theresa, na taka birki, na duba dama, na duba hagu, ban san wurin ba. Ga masu rake, ga mai faci yana ɗaga mini hannu yana kiran sunana, ga dutse a inda yake kullum. Kowane abu na san shi shi kaɗai, amma sun ƙi haɗuwa su zama wuri. Kamar an kwashe kayan ɗakinmu an jera a ɗakin wani. 'Yan kabu-kabu suka taru a bayana suna hon. Na yi kamar giya ce ta ƙi shiga. Na kunna wayar, na danna sito, Kofur ta ce rai, na bi rai. Ban yi nisa ba gari ya dawo mini gaba ɗaya, har da warin lambatun bayan kasuwa. Ban taɓa jin daɗin warin nan ba sai ranar.

Na ce wa kaina rana ce ta buge ni. Amma abin ya sake zuwa a hanyar Sakaba, ya sake zuwa a bakin gidan mai. Ba ya sallama. Kamar ɗaukewar wuta yake, ya tafi da komai, ya dawo lokacin da ya ga dama.

To ga inda nake. Tun da aka kawo wayoyin nan babu direban da ya kai ni isar da kaya a kan lokaci. Khairunnisa har misali take yi da ni, wai ku dubi Baba Philemon, shi da ya fi kowa gardama. Ba ta san ba biyayya ba ce, tsoro ne. Yanzu ko kwanar da ke gaban hancina ba na sha sai Kofur ta ce. In na faɗa wa yarinyar gaskiya makulli ya tafi, kuma da gaskiyarta. In na yi shiru, ina hawa mota mai nauyi kowace safiya da kan da ban san lokacin da zai ɗauke ba. Hannuna bai manta komai ba, ƙafata ma haka, birki da kuloci suna nan daram. Inda za ni ne kawai yake zubewa, Kofur kuwa daidai wurin ta toshe kamar an auna. Da ba ta zo bana ba, da tuni asirina ya tonu ina gida zaune. Wata rana ina gode mata, wata rana ina ganin ita ce ta kulle ni a cikin motar nan.

Wani abin kuma, tsoffin abubuwa sun ƙara haske. Jiya ina wanke kwano sai ga ni a gonar babanki a Manga, shekarun da nake golmo, ni da samarin tsarata muna yi masa noma don a ba ni ke. Ina jin muryarsa ras, wai kunyoyina a karkace suke kamar sawun maciji, wai duk inda Philemon ya noma sai dawa ta yi fushi, kuma ko kashin akuya ban taɓa kawo wa gonar ba. Ina ganin ki kina saukowa daga dutse da tulu, kina yi kamar ba ki ji ba. Wannan duk yana nan. Abin da na ci da safe ne ban sani ba.

Kada Rachael ta ga wannan takarda. Mai jego ba ta buƙatar tashin hankali.

Har yanzu ba ku gaya mini sunan da aka sa wa jaririyar ba. Ki rubuto mini.

Naki har kullum,
Philemon


Zuru, tsakiyar damina

Theresa,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa lafiya. Na ga amsarki, na ga inda biro ya huda takarda. Praise. Kin ce ni da kaina na rubuta sunan a wasiƙata ta farko, har da kiranta amarya. Yanzu na rubuta shi da gawayi a bayan ƙofa, inda zan gan shi in zan fita.

Kin ba ni umarni in ajiye mota, in je asibiti, in gaya wa Fasto, kin kuma ce in ban yi ba za ki taho. Kada ki taho. Haihuwar fari ce, mijinta kuma an tura shi daji. Ki bari a gama rabon taki. Yanzu manoma suke jira, taki in ya makara ya zama ado, direbobin da suka yarda su shiga wajen Ribah kuma ba su da yawa. Da an gama zan je asibitin da ƙafata. Na san na faɗi irin wannan a kan haƙorina, amma wannan dabam.

Na roƙi Khairunnisa ta sa mini gidanmu da coci a cikin wayar, na ce ina so in gwada ko Kofur ta san lungu. Ta sa, ta ɗan dube ni, ta miƙo mini wayar. Yanzu ranar Lahadi wayar tana aljihun gaba, na rage mata murya, muna tafe tana raɗa mini lef da rai a garin da aka yanke mini cibiya. Mutane suna gaishe ni, suna ganin dattijo mai tafiya a natse.

Duniyata ta koma faɗin tafin hannu. Akwai shuɗin layi a fuskar wayar, akwai ɗigo, ɗigon ni ne. In ɗigo yana kan layi ina lafiya. Na daina ratsewa in gaida mutane, na daina ɗaukar tsohuwa da kayanta in kai ta ƙauyen da ba ya kan layi. Babban tsorona yanzu ba mutanen daji ba ne, caji ne.

Lawwali ya fara lura, amma ta gefen da ba shi ba. Yana ganin son burge 'yar maigida ne. A tasha yana cewa tsohon soja ya koma kurtu, ko bayan gida zai shiga sai Kofur ta ce masa lef. Ina dariya tare da su. Tun muna samari muke wannan wasa, ba shi da mugun nufi, amma maganar tana ci na fiye da yadda nake nunawa.

Ki yi mini addu'a. A takarda ta gaba ki rage faɗa, biro ba shi da laifi.

Mijinki,
Philemon


Zuru, dawa ta rufe mutum

Matata Theresa,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya, ban ji ciwo ba, ban kuma ji wa kowa ba. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran a zaune. Yaya Rachael, yaya Praise? Kin gani, ko ƙofa ban duba ba.

An loda mini takin ƙarshe na wajen Ribah, da safe, bayan ruwa ya kwana yana zuba. Ina shan shayi a bakin sito sai Lawwali ya tambaye ni a gaban masu lodi ko na nemi izinin Kofur kafin in kurɓa. Suka fashe da dariya. Ban san inda tsohon sojan nan yake kwance ba, sai ji na yi ya miƙe. Na ciro wayar daga gilashi, na kashe ta a gabansu, na jefa ta ƙarƙashin kujera, na ce hanyar Ribah da ido rufe zan bi ta. Aka yi mini tafi. Na tayar da mota kamar ango.

Abin da nake so ki gane, wannan karon wutar ba ta ɗauke ba. Da ta ɗauke da na tsaya. Kaina garau yake, ban taɓa sanin hanya kamar ranar ba. Na sauka daga kwalta na kama burji, na bar burji na kama hanyar gona, dawa tana dukan madubi dama da hagu, ina rera waƙoƙin da muke yi a bakin noma. Sauri ma nake, don kada in makara tsoho ya sami abin faɗa. Inda hanya ta ƙare a gindin dutse na tsaya. Na sauko, na cire hula, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na yi gaisuwa da yarenmu kamar yadda suruki yake yi. Shiru. Na sake gaisuwa, na ɗan ɗaga murya. Wani ƙadangare ya leƙo ya gyaɗa mini kai.

Sai na ɗaga ido. Babu jinka, rumbu ya rushe, ciyawa ta fito a ɗakin mamanki har ta yi kai. Gidanku ne na Manga. A durƙushen nan na tuna ni na riƙe kan makarar babanki, kina goye da Rachael.

Na juya na dubi mota. Tayoyin baya sun nutse a laka har cikinta ya zauna a ƙasa. Gaba dutse, gefe da gefe dawa, ba juyawa ba ribas. Gidan na san shi lungu-lungu, amma hanyar da ta kawo ni daga Zuru ta yau ban san ta ba, ko kwana guda. Ba kowa a gonaki, ashe ranar kasuwa ce. Hadari yana haɗuwa ta gabas, tamfol ɗina kuma da yaga, kin san taki da ruwa. Ga mutane can suna zaune suna jiran kayan da na kawo wa mamaci. Na shiga mota na rufe ƙofa na zauna riƙe da sitiyari. Ban san tsawon zaman ba.

Daga ƙarshe na sunkuya na laluba ƙarƙashin kujera. Ki yi dariya in kin so, amma da na kunna ta sai da na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Ta nuna ɗigona shi kaɗai a fili, ba layi ko ɗaya kusa da shi. Ta yi shirunta kaɗan, sai ga shuɗin layi ya fito, ta ce in juya in na sami dama. Shi ke nan abin da ta ce.

Babu sabis a ƙasa, sai na hau dutsen da kike saukowa da tulu. Gwiwoyina sun ba ni labari a hanya. A sama sabis ya shigo, na danna abin da Khairunnisa ta koya mana, lokeshan ya tafi. Ba sai na yi bayanin inda nake ba, da ma ba zan iya ba.

Kai tsaye suka zo, ba su kuskure ko kwana ɗaya ta hanya ba. Khairunnisa a bayan mashin, Lawwali da tasa motar, da wata tarakta da suka samo a cikin Manga. Kafin ruwa ya sauko an kwashe buhunan zuwa motar Lawwali, tarakta ta jawo tawa daga laka, kuma a ranar takin ya isa Ribah. Lawwali ya san gidan, shi ya ɗauko kayan aurenki daga nan. Ya dubi kangon, ya dubi takalmina a jere a bakin ƙofa. Na jira wasan, bai zo ba. Ya sunkuya ya ɗauko takalmin ya ajiye a gaban ƙafata, ya ce, "Sa takalminka, soja, mu je gida."

Ɗan kawunki Philip ne yake noma wurin yanzu. Na tattake masa dawa ba kaɗan ba, aka ba shi haƙuri, Khairunnisa ta sa aka bar masa buhu guda. Saboda haka in kin je kabarin babanki ki gaya masa Philemon ya kawo wa gonar taki. Ya makara, amma da mota ya kawo, kuma ba na akuya ba ne.

Washegari na je sito na ajiye makulli a kan tebur tun ba a tambaya ba, na ajiye wayar a gefensa. Yarinyar ta ce tun ranar da na nemi a sa mini gida jikinta ya ba ta, shi ya sa duk fitar da zan yi ɗigona yana buɗe a gabanta, ranar nan kuma da ya ɓace ta kasa zama. Ta ɗauki makulli ta sa a aljihun tebur. Wayar kuma ta turo mini ita, ta ce, "Makulli na shago ne, Baba. Wannan taka ce."

Lawwali zai kai ni asibiti, Fasto ma na gaya masa. Umarninki duka an bi, sai dai ba a jere ba.

Yanzu ni ke roƙo. In Rachael ta iya wanka da kanta, ki dawo. Amma ki san wanda za ki tarar. Zan tambaye ki abu in sake tambaya, zan nufi ɗaki in ɓulle madafa. Tun da aka ba ni ke kina da gaskiya a kusan komai, kuma ba ki taɓa barin gaskiyar ta kwana a cikinki ba. Ban ce ki canza ba, tsufa ya yi mana nisa. Abu guda kawai za ki ara wurin Kofur. In na wuce kwana, ki yi shiru kaɗan, ki nemo mini wata hanya.

Motar Minna da la'asar take shigowa. Zan riƙa zuwa tasha ina zama a bencin mai shayi. Kada ki damu da yadda zan koma, gida yana cikin waya. Amma na fi so in bi bayanki.

Ki shafa mini kan amaryata, ki gaya mata angon ya sauka daga mota.

Ni ne mijinki, wanda ya yi miki noma a karkace,
Philemon